Kashun da Na Dasa a Gonar Aro

Bana ruwa ya yi mana halinsa. Ya sauko da wuri, ya jiƙa ƙasa sau uku ko huɗu har mutanen Kuje da Karshi suka kai iri gona, sannan ya ɗauke ƙafa kamar wanda aka yi wa laifi. Yau kwana ashirin ke nan ko yayyafi babu. Daga tagar ofishina a hawa na biyar ina hango tankar ruwa tana shayar da ciyawar tsakiyar titi, hadari kuma yana haɗuwa a kan duwatsu kullum da la'asar, ya yi baƙi, ya yi gurnani, ya watse. Zafin mai danƙo ne, riga takan manne wa mutum a baya tun kafin ya gama hawa matakala. Lif ɗinmu ta fi shekara tana hutu.

Wata huɗu suka rage mini in ajiye aiki, kuma na gaji, ba na ɓoye wa kowa. Shirin kare daji da raya karkara da na shiga ina saurayi ya canja suna har na daina ƙirgawa. Kowace gwamnati ta zo sai ta raɗa masa sabo, a yi taro a otal, a sake wa motoci fenti, amma jaririn shi ne dai wanda muka sani. Na bana ya haɗa dashen itatuwa da ƙananan injinan sarrafa kashu da kaɗanya da rijiyoyin burtsatse, duk daga aljihun gwamnatin tarayya, in Allah ya sa kuɗin sun fito kafin damina ta wuce. Ranar Litinin Hadiza ta kawo mini samfurin littafin da za a raba a wurin ƙaddamarwa. Ƙaramar ma'aikaciya ce a sashena, mai ƙoƙari, har yanzu tana karanta takarda kafin ta sa mata hannu.

"Yallaɓai, hoton bangon nan a tsohon fayil na samo shi," in ji ta. "Duk wuraren da aka yi dashe a lokacin, nan ne kaɗai aka tabbatar itatuwan sun rayu. Ka san wurin?"

Na ce na sani. Hoto ne da kalarsa ta koɗe. Manya uku cikin manyan riguna a tsakiya, wani siririn saurayi da takarda a hammata, wato ni, sai allo mai rubutu, sai wani dattijo a gefe riƙe da hularsa a hannu, yana kallon wani wuri dabam. Baba Ayuba ke nan. Na ce wa Hadiza ta bar mini littafin zuwa jibi.

Lokacin mulkin soja ne, ma'aikatarmu ba ta daɗe da tasowa daga Ikko ba, aka tura ni wani ƙauye a bayan Karshi a matsayin malamin daji. Ni ɗan birni ne, ɗan akawu, a gidan haya na girma. Na san sunan kowace bishiya da harshen masana, na san tazarar da ake bari tsakanin dashe da dashe, amma ban taɓa riƙe fartanya na minti goma ba. Babu masauki a ƙauyen, sai mai unguwa ya haɗa ni da Baba Ayuba, saboda yana da ɗaki guda da babu kowa a ciki, kuma shi ma baƙo ne, ba zai iya cewa a'a ba.

Baba Ayuba mutumin Gbagyi ne. Garinsu na asali yana ƙarƙashin wata unguwar manya a tsakiyar Abuja yanzu, inda ko ni ba na shiga sai an buga waya daga ƙofa. Da aka tashe su aka ba su gidaje a wani wuri mai tsakuwa da babu gona, shi kuwa mutumin da bai iya zama babu gona ba ne. Ya kwashi matarsa Mama Laraba da 'ya'yansa mata uku ya biyo dangin mahaifiyarsa zuwa wannan ƙauye. Wani dattijo mai suna Bawa, wanda kakanninsa suka sari dajin wurin, ya ara masa gona a bakin hanyar mota. Shekara bakwai yana noma ta. Duk kaka yakan ɗauki damin dawa da 'yan doya ya kai ƙofar Bawa, ba don Bawa yana bukata ba, sai don kowa ya gani ya tuna gonar ta wace ce. Wannan gonar ita ce abincinsu, ita ce kuɗin makarantar yaran, ita ce dalilin zamansu a garin. Ba su da wata.

Kirista ne, amma ranar da na sauka na tarar da sabuwar buta a ƙofar ɗakina, ya kuma tsaya a tsakar gida ya nuna mini gabas da sandarsa. In za a yanka kaza, wanda ba ya wuce sau ɗaya a wata biyu, sai Mama Laraba ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Malam, zo ka yi naka addu'a, mu ci tare."

Daminar waccan shekarar irin ta bana ce sak. Ruwa ya zo da wuri, aka shuka masara da dawa, doya ta fito ta fara kama sanda, sai sama ta rufe bakinta. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku. Masara ta naɗe ganye kamar taba sigari. Kunyoyin doya suka yi zafi har in ka ɗora tafin hannu sai ka janye. Rafin da ake ɗiban ruwa ya koma 'yan kududdufai masu kore, mata suna tono yashi suna jiran ya tsattsafo, su cika ƙwarya su ɗora a kafaɗa irin ɗaukar matan Gbagyi. Kullum da safe Baba Ayuba zai fito ya dubi gabas, ya shaƙi iska, ya ce, "Yau ma babu." Bai taɓa kuskure ba.

Rumbu kuma ya yi ƙasa, don wannan shi ne tsakanin tsohon abinci da sabo. Da na zo ana tuwo sau biyu a rana. Aka koma sau ɗaya, da kunu da safe. Sannan dawa ta ƙare aka shiga alabo, tuwon da yake cika ciki na awa biyu ya bar ka da jiri. Miya ta zama tafasa da rama da gishiri, babu ko ƙamshin daddawa. Yaran sukan fita da sassafe su tsinto 'ya'yan kaɗanya, a ci naman a ajiye ƙwallon, da rana a dama garin ɗorawa a sha. Albashina ya maƙale a wani teburi a hedikwata wata da watanni, don haka malamin gwamnatin tarayya, mai digiri, a cikin tukunyar Mama Laraba yake ci. Na lura malmalata ta fi ta kowa girma. Na yi magana sau ɗaya, ta ce, "Kai baƙo ne, cikinka bai saba ba." Na ji kunya, kuma na cinye.

Musulmin garin suka fita roƙon ruwa a fili, da ni a cikinsu. Mutanen coci suka yi azumin kwana uku. Tsofaffi kuma suka hau dutse da baƙin bunsuru, ba su gayyaci kowa ba. Kwana biyu bayan na ƙarshe, wajen azahar, iska ta juyo da sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa, sannan aka tsuge. Aka yi ta yi har washegari. Mama Laraba ta jera duk wani abu mai baki a ƙarƙashin indararo, har da butata. Aka shafe sati ana gardama a kasuwa a kan addu'ar wa aka amsa, kowa yana dariya, don ciki ya fara sa rai.

Aka koma gona gaba ɗaya. Abin da ya mutu aka sake shukawa, abin da ya rayu aka yi masa noma. Gayya ake yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, maza a jere da garma, mai ganga a baya yana zuga su. Ni ma na shiga ranar gayyar Baba Ayuba. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe, aka ce in koma inuwa in riƙa miƙa ruwa. Bawa da kansa ya zo da 'ya'yansa, ya yi kunya biyu don albarka, ya zauna kusa da ni yana tsokanata, wai gwamnati ta aiko musu da malamin daji da ko akuya ba za ta ji tsoronsa ba.

A cikin wannan hidimar a-kori-kurar ma'aikata ta sauke mini dashe a ƙarƙashin mangwaron mai unguwa, kashu da mangwaro da dalbejiya, kowanne a baƙar leda. Umarni shi ne a raba wa manoma su dasa a gonakinsu. Na yi ta bi gida gida. Kowa ya karɓa da godiya, ya ajiye a bayan ɗaki, ya koma nomansa, don mai jin yunwa ba ya barin masarar da za ta nuna nan da wata biyu ya tsaya wa itacen da sai bayan shekara huɗu. Awaki suka yi biki. Ni kuwa na ware kashu goma sha biyu mafi kyau, masu kauri da ganye shar, na kai wa Baba Ayuba. A raina wannan ita ce godiyata. Na ci abincinsa a lokacin da 'ya'yansa suke kwana da kaɗanya a ciki, ba ni da abin ba shi, amma ga abin da zai ciyar da jikokinsa.

Ya dube su, ya shafa ganyen ɗaya, ya ce, "Yana da kyau, Malam. Amma gona ba nawa ba ne."

Na ce, "Baba, ai itace ba ya tambayar mai gona. Kai za ka ci, shi ma Bawa gonarsa ta ƙara daraja."

Ya ce, "A bari tukuna."

Bayan kwana biyu na sake tayar da maganar, ya sake cewa a bari. A gidanmu in aka ba ka kyauta sai ka ce a'a sau biyu, a na uku ka karɓa, kuma mai kyauta na ƙwarai ba ya jiran na ukun. Na ɗauka kara yake yi mini. Shi kuwa nauyina yake ji, don ba ya iya duban baƙonsa, malamin gwamnati, ya ce masa bai san abin da yake yi ba. Ranar Lahadi da safe, suna coci, na ɗauki garmarsa na tafi gona. Na auna tazara da igiya kamar yadda aka koya mana, na haƙa ramuka a gefen da yake kallon hanya, na zuba taki, na dasa duka goma sha biyun, na kewaye kowanne da ƙaya. Hannuna yana jini, raina fes. Ban taɓa yin aikin da ya yi kyau kamar wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Ranar Litinin Baba Ayuba ya tafi gona ya dawo kafin hantsi, abin da ban taɓa gani ba. Ya jingine garma, ya zauna a kan turmi, ya kira ni.

"Malam, kai ne?"

Na ce ni ne, ina murmushi, ina jiran godiya.

"Zauna," in ji shi. "A nan, wanda aka ara masa gona yana shuka abin da zai girbe ya tafi. Dawa, masara, doya. Ba ya dasa itace. Itace yana zama, yana fi mutum daɗewa. In ka dasa itace, ka ce wa mai gona, wannan wuri nawa ne, ni da 'ya'yana. Ko mangwaro ya fito da kansa a gonan aro, ana cirewa, ko a kira mai gona ya zo ya gani."

Mama Laraba tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Na tambaye shi abin yi. Ya ce abin bai lalace ba tukuna. A tuge su yau, a ɗaure, a kai ƙofar Bawa da zakara da goro, a ce baƙo ne ya yi da rashin sani. Bawa zai yi faɗa, zai yi dariya, zai ci zakara, magana ta mutu. Na miƙe na ce mu tafi yanzu.

Muna fitowa muka ji ƙarar mota. Ogana ne daga hedikwata, ba sanarwa. Ya ce ranar Alhamis manya za su zo ganin aiki, kuma abin da suka gani shi zai sa a saki kaso na biyu na kuɗin shirin, wanda a cikinsa akwai burtsatse na ƙauyuka biyar, har da wannan. Na zagaya da shi. Ya ga ledoji a bayan ɗakuna, ya ga abin da awaki suka rage, fuskarsa tana ƙara tsukewa. Da muka iso gonar Baba Ayuba, Oga ya ga kashu a jere a bakin hanya, inda mota za ta tsaya ba sai manya sun taka taɓo ba, sai ya sauke ajiyar zuciya ya dafa kafaɗata. Na yi masa bayanin al'adar, har na ce yau za mu tuge.

"Habibu, kana da hankali kuwa?" in ji shi. "Wannan ne kaɗai abin da muke da shi. Babu mai taɓa su sai bayan Alhamis. Ranar Juma'a ku tuge, ku yi miya da su in kun ga dama. Ko kana so ka gaya wa matan garin nan kai ka hana su ruwa?"

Na koma wurin Baba Ayuba na roƙe shi kwana uku. Na ambaci burtsatse, na ambaci matan da suke tonon yashi, ban ambaci tsoron da nake yi wa aikina ba, ko da yake shi ya fi yawa. Ya ce, "Kai baƙona ne. Kwana uku." Na yi niyyar zuwa wurin Bawa da kaina in yi masa bayani tun ranar. Amma akwai duwatsun da za a shafa wa farar ƙasa, akwai rumfa, akwai kujerun da za a aro daga makaranta. Na ce gobe, gobe ta zo na ce jibi.

Ranar Alhamis motoci suka zo a jere. Daga bayan ta ƙarshe aka sauko da allon ƙarfe da ban san da shi ba, Oga ya sa an rubuta a gari. Aka kafa shi a bakin gonar da siminti. A jikinsa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan gonar gwaji ce ta Malam Ayuba, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya. Aka jawo Baba Ayuba, aka tsayar da shi kusa da allon, babban baƙo ya yi masa hannu ya ce da ana samun manoma masu hangen nesa irinsa da ƙasar nan ta wuce haka. Aka tafa. Baba Ayuba bai iya karatu ba, amma babban ɗan Bawa ya iya, kuma yana tsaye a tsallaken hanya yana karanta wa ubansa a kunne. Bawa da ɗansa ne Baba Ayuba yake kallo a hoton nan. Duk ma'aikatarmu ni kaɗai na san haka.

Ranar Juma'a da asuba na tafi tuge kashu, na tarar da ɗan Bawa zaune a kan kututture. Ya ce kada in taɓa. Itacen gwamnati ne yanzu, in aka wayi gari babu su, gidansu soja za su zo, ba gidana ba. Da yamma aka taru a ƙofar mai unguwa. Baba Ayuba ya zo da zakaransa da goro duk da haka, ya durƙusa ya ajiye. Bawa bai ɗaga murya ba, kuma ban ga ƙiyayya a fuskarsa ba, tsoro na gani.

"Ayuba, shekara bakwai ban taɓa jin kanka ba," in ji shi. "Amma ka gaya mini, garinku da aka tashe ku, da me aka fara?"

"Da allo."

"Da aka zo biyan diyya, wa aka ba? Mai ƙasa ko mai itace?"

"Mai itace," in ji Baba Ayuba. "Sun ce ƙasa na gwamnati ne."

Na miƙe na ce ni na dasa, da hannuna, shi bai sani ba, har ya hana ni sau biyu. Na ce zan rubuta, zan sa hannu, zan sa a cire allon. Bawa ya bar ni na gama.

"Na yarda, malamin daji. Kowa a nan ya san kai ne. Amma kai gobe za a ɗauke ka. Ni zan mutu, Ayuba zai mutu. Takarda yana zama. A takardan da manya suka tafi da shi, sunan wa?"

Aka yanke cewa Baba Ayuba ya girbe abin da ya shuka, bayan kaka gona ta koma hannun mai ita. Bawa ya ce a mayar masa da zakaransa, yara su ci.

Abin haushi, amfanin waccan shekarar ya yi kyau fiye da duk wanda aka gani. Masara ta yi goyo bibbiyu, doya ta fasa kunya. Na taya su kwasa, ba mai ce mini komai, kuma malmalata ba ta ragu ba, wanda ya fi mini zagi ciwo. Baba Ayuba ya ɗaure damin dawa mafi girma ya kai ƙofar Bawa kamar kullum. Ya nemi aro a wurin wasu, a garin da ƙauyukan kewaye, amma labari ya riga shi zuwa. Ba wanda ya ce ya yi laifi, kowa dai ya ce gonarsa ta yi wa 'ya'yansa kaɗan. Na rubuta takarda a cire allo, na rubuta a nema masa fili, fayil ya hau sama ya sauko ya sake hawa. Da rani ya yi suka ɗora kayansu a mota suka koma Mararaba. Burtsatse ta zo bayan shekara biyu, ta yi aiki daidai gwargwado kafin ta tsaya. Ni kuma aka yi mini ƙarin girma, saboda rahoton gonar gwaji.

Kashun nan kuwa 'ya'yan Bawa suka riƙe su kamar ido. Suka yi musu ban ruwa da rani, suka kore awaki, don duk wanda ya zo ya ga hannun wa yake a kansu. Shi ya sa su kaɗai suka rayu a duk shirin.

Na riƙa kai wa Baba Ayuba shinkafa lokacin Kirsimeti, shekara uku ko huɗu, sannan aure da yara da canjin wurin aiki suka ba ni uzurin da nake nema. Na sake ganinsa bayan shekaru da yawa, ina cikin cunkoson Mararaba. Yana zaune a kan benci a ƙofar wani gidan bulo, da rigar gadi da ta yi masa yawa. A gefen katanga, tsakanin kwata da tulin yashi, ya shuka masara guda shida, ya yi musu kunya kamar ta gaske. Na faka na fito. Ya gane ni tun kafin in yi sallama, ya matsa mini a benci, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na fara haɗa maganar da na daɗe ina ɗauke da ita, ya katse ni.

"Kana zuwa wajen can?"

Na ce nakan bi ta wurin wani lokaci.

"Kashu ya yi 'ya'ya?"

"Sun yi, Baba. Sun zama manya, har rassan suna taɓa ƙasa."

Ya gyaɗa kai, fuskarsa ta saki. "Na sani zai yi. Ƙasan nan shekara bakwai ina ba shi kashin shanu, a kaina nake ɗaukowa daga ruga." Ya dubi sama ta wajen Karshi, ya ce da alama can sun samu ruwa jiya. Mota ta yi hon a ƙofa, ya tashi ya buɗe. Bayan wata takwas 'yarsa ta aiko mini cewa ya rasu.

Jiya Hadiza ta dawo karɓar littafin. Na tambaye ta fom ɗin da manoma za su cike kafin a ba su dashe. Akwai gurbin suna, da girman gona, da lambar waya, da yawan itatuwan da ake so. Na ce a ƙara layi ɗaya, a tambayi mutum gonar tasa ce ko ta aro. Ta ce fom daga sama ya zo, an riga an buga, motoci suna jiran ruwa ya dawo kawai su tashi. Na ce to ita da za ta fita rabo ta riƙa tambaya da bakinta, in mutum ya ce mata a bari tukuna, ta bari. Ta rubuta a ɗan littafinta, ta ɗago tana dubana kamar mai jiran ƙarin bayani. Na ce a sauya hoton. Ta ce babban sakatare da kansa ya zaɓe shi, har ya yaba.

"Saura rubutun ƙasan hoton, yallaɓai," in ji ta. "Na sa manomin da ya amfana da shirin. Amma tunda ka san shi, ko mu sa sunansa, a karrama shi?"

Na dubi dattijon da hularsa a hannu.

"Kada ki sa," na ce mata. "An taɓa sa sunansa sau ɗaya."